Hannun Hure da Turken Baffa

Duk wanda ya sha zoɓo mai sanyi a kasuwar Ajingi, da wuya in ba na Hure ya sha ba. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita, don haka na san ta ciki da bai. Mace ce mai kazar-kazar, ba ta zama, ba ta kuma son takalmi. Ga rowar sani, domin ko 'yarta Baiwa ba ta taɓa nuna wa yadda take haɗa citta da kanumfari ba.

Da damina ta sauka bara sai na ga Hure ta yi sanyi. Ta daina raha, ta ma zaunar da Baiwa ta miƙa mata ludayi tana koya mata haɗin. Nan hankalina ya tashi. Da na matsa mata, ta ce hannunta na dama ne yake mata zir har kafaɗa, musamman da safe in ta wanke tsakar gida ta hau aiki. Haka mahaifiyarta ta fara a Toranke kafin ɓarin jikinta ya shanye, ta yi shekaru a kwance ana juya ta.

"Ba mutuwar nake tsoro ba," in ji ta. "Kwanciyar nake tsoro."

Na raka ta asibiti, aka auna jininta aka ce lafiya lau. Ba ta yarda ba.

Ni ce na gano bakin zaren, ba don wayo ba. Na shiga ajiye nama a firizar da take sanyaya zoɓo, na tuɓe silifas a bakin ƙofa, ina kama murfin na ji kamar an fizge ni. Na kurma ihu. Mijinta Baffa ya ce shi kullum yana buɗewa ba ya jin komai. To ina zai ji, mutumin da ba ya rabuwa da takalmin roba?

Aka kira Sagiru mai gyaran wuta. Ya ɗora abin gwajinsa a jikin firizar, fitilar abin ta kawo ja. Ɓera ne ya ci waya, wuta tana zuba a jikin ƙarfen. Ya ce kamata ya yi wannan wutar ta bi ƙasa, ta ƙarfen da aka kafa a bayan ɗaki, don haka ya zagaya dubawa. Sai rami da guntuwar koriyar waya, ba ƙarfe.

Baffa ya hau sosa ƙeya. Ashe da gara ta cinye turken ragonsa, shi ne ya ga ƙarfe mai kyau a tsaye a banza, ya tumɓuke ya kafa a garke. Na so in yi masa tas, dariya ta hana ni.

Sagiru ya sauya wayar, ya mayar da ƙarfen raminsa da gawayi da gishiri, ya ce Hure ta taɓa. Ta daɗe tana kallon firizar, sannan ta ɗora tafin hannunta, ƙafa ba takalmi. Ba ta ji komai ba. Ta sake ɗorawa. Hawaye suka zubo mata, nima ban iya riƙe nawa ba.

Ta share fuska da gefen zani, ta juya wajen Baiwa da ke tsaye kan tukunyar zoɓo.

"Ke, ba ni ludayina."