Malam Aisami, Mai Miƙa Aska

Idan aka idar da sallar asuba, Malam Aisami ba ya komawa shimfiɗa. Zai sha kununsa, ya duba farcensa ko akwai wanda ya yi tsawo, ya ja kekensa. Rairayin Gure ba ya barin keke ya yi gudu, don haka rabin hanyar turawa yake yi. Duk da haka ƙarfe bakwai ba ta cika sai yana asibiti cikin ɗakin fiɗa, wanda mu ma'aikata muke kira bulok. Zai buɗe tukunyar dafa kayan aiki, ya jera askake da almakasai, ya ƙirga auduga, ya sake ƙirgawa. Shekara ashirin da takwas ke nan. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma yawancin waɗanda aka yi wa fiɗa a gabansa ko sunansa ba su sani ba.

Aikin da ya daɗe yana yi shi ne tsayawa kusa da lokotoro, wato likita, lokacin fiɗa, yana miƙa masa abin da yake bukata, yana kuma lura kada a bar komai a cikin mutum. Ni Nasira, a hannunsa na koyi wannan aiki. Shekara huɗu da suka wuce na zo daga makaranta a Damagaram, da takardata a jaka, ina ji da kaina. Ranar farko na wanke hannu har gwiwar hannu, na sa riga da safar hannu, sai na kai yatsa na gyara ƙyallen rufe hanci.

Ya ce, "Koma ki wanke."

Na ce, "Baba, ɗan taɓawa fa kawai na yi."

"Cuta ma ɗan taɓawar take nema, ƴata. Koma."

Sau uku ya mayar da ni bakin famfo a wannan safiya. Bai ɗaga murya ba, bai kuma yi min rangwame ba.

Fiɗar da na fara tsayawa ta wani tsoho ce mai ƙaba. Lokotoro ya miƙo hannu, na ɗora masa almakashi baibai, ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ya daka min tsawa. Bayan an gama Malam Aisami ya iske ni bayan tankin ruwa ina kuka. Bai ce in yi haƙuri ba. Faranti ya ɗauko cike da kayan aiki, ya ce in rufe ido, ya dinga kiran sunayensu ina lalubowa. Wata biyu muka yi haka, kullum bayan la'asar.

Yakan ce, "Daina kallon bakin lokotoro. Kalli inda ya yanka. In kin ga jini ya ɓullo, ai kin san abin da zai nema kafin ya yi magana."

Ungozomomi har yau suna ba da labarin Hassana, wata Bafulatana da aka kawo daga Bune, naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Da ta ga ƙofar bulok da mutane fuska a rufe, sai ta riƙe ƙarfen gado ta ce ba ta shiga. Malam Aisami ya sauke ƙyallen fuskarsa, ya tsuguna, ya yi mata magana da Fulatanci. Ya faɗa mata sunansa, ya ce yana nan tsaye har ta farka. Ta saki ƙarfen. Ita da jaririyarta suka koma ruga lafiya. Haka yake yi wa Barebari ƴan uwansa da Barbarci, ya yi wa Hausawa da Hausa.

Watana bakwai da fara aiki, ranar kasuwar Gidigir, bayan azahar, aka shigo da wani saurayi da babur ya kayar a hanyar dawowa. Jikinsa ba wani rauni sosai, amma cikinsa ya kumbura, leɓɓansa sun yi fari. Lokotoro ya ce jini ne ke zuba a ciki, a shirya bulok yanzu. Abokin aikinmu na uku ya tafi Damagaram, daga ni sai Malam Aisami. Ya wanke hannu, ya sa riga, ya jera kaya. Da aka turo gadon ya dubi fuskar mai ciwon, sai na ji ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Fadilu ne, ɗansa na fari, wanda ya kai albasa kasuwa da safe.

Ya kai hannu zai ɗauki aska, hannun ya kama rawa. Ya dube shi, ya sake gwadawa, bai daina ba. Sai ya ja da baya, ya ce, "Nasira, zo ki tsaya nan."

Na ce, "Baba, ban taɓa yin irin wannan ba."

"Yau za ki yi. Ina bayanki."

Lokotoro ya ce masa ya fita ya jira a waje. Ya ce, "Lokotoro, ka yi min izini in tsaya. Ba zan taɓa komai ba."

Ya tsaya a bayan kafaɗata, hannuwansa a harɗe. Da aka buɗe cikin, jinin da ya taru ya fi ƙarfin audugar da na tanada. Saifa ta fashe. Ina miƙawa, shi yana raɗa min abin da ke tafe: "Auduga babba. Zare. Shirya na biyu." Muryarsa ba ta canza ba, kamar dai darasin la'asar. A waje ƴan unguwarsu sun yi layi suna ba da jini. An yi fiye da awa guda ana fama. Daga nan mai kula da numfashi ya ɗago kai ya dubi lokotoro, ya ce rai ya yi halinsa.

Malam Aisami ya ce, "Ƙirga audugarki, ƴata. Ba a rufewa sai an ƙirga."

Na ƙirga hawaye na jiƙa ƙyallen fuskata. Ta cika. Sannan ya matso ya shafa idanun ɗansa, ya fita ya gaya wa Inna Habsu, matarsa, da bakinsa.

Na kasa zuwa gaisuwa. Zuciyata ta yi ta gaya min da shi ne ya tsaya, da Fadilu ya tashi. Na rubuta takardar neman a sauya min wurin aiki. Ranar sadakar uku sai ga saƙo, Malam yana nemana. Na tarar da shi a zaure kan tabarma, mutane sun ragu. Na durƙusa na yi masa gaisuwa.

Ya ce, "Na san abin da ya hana ki zuwa. Idona na kan hannunki tun daga farko har ƙarshe. Ba ki makara ba ko sau ɗaya. Da kin makara da na faɗa miki, kin san ni. Kwanansa ne ya ƙare. Gobe akwai mata biyu da za a yi wa fiɗa. Wa zai tsaya musu?"

Washegari na tsaya.

Rawar hannun nan ba ta rabu da shi ba. Da ya dawo aiki, shi da kansa ya je ya ce kada a ƙara sa shi kusa da lokotoro, don ba zai sayi girma da ran ɗan wani ba. Ya koma ɗakin wanke kaya da dafa su, aikin da ya fara da shi yana saurayi. Daga can ya horar da wasu sababbi uku bayana, kuma kullum sai ya wuce ta gaban ɗakin da ɗansa ya cika.

Baba Aisami, kai ne rijiyar kan hanya, mai sha ba ya tambayar wanda ya haƙa. Kai ne ka tsaya a bayana a ranar da kai ya kamata a tsaya wa. Ka binne ɗanka, ka kuma tuna da ƴar wani da ke kuka a ɗakinta. Mun gode. Allah Ya jiƙan Fadilu, Ya sanyaya zuciyarka da ta Inna Habsu, Ya ba hannunka lafiya.

Ku kuma da kuka daɗe a bakin aiki, kowane iri ne, in sabon shiga ya yi kuskure ku gyara masa ba tare da kun karya shi ba. Mutanen Gure, in kun ga wani dattijo yana tura keke cikin rairayi, ku tsaya ku gaishe shi da kyau. Wataƙila ya taɓa tsayawa a kanku kuna barci.