Laka, Ruwa, Rana, Sannan Mai

Ranar wata Laraba a ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji biyar, motar Baba ta dawo daga Bur Sudan da buhunan gishiri, amma ba shi ne ya tuƙo ta ba. Baba yana kwance a ɗaki da karaya a ƙafa tun da taya ta faɗo masa. Direban da aka ɗauka, wani mai suna Hamad, ya tsayar da ita a gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu, aka sauke kaya, ya miƙa wa Inna makulli ya tafi. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta kamar yadda na saba ganin Baba yana yi. Ruwa ne yake ɗiga ta tsakanin katakon bayanta, duk inda ya bushe kuma ya bar farin zane.

Ƙauyenmu yana bakin tur'a, wato magudanar ban ruwa, kusa da Hasahisa. Hawashar da muke nomawa, wato 'yar gonarmu ta ban ruwa, ba ta isa ta ciyar da mu ba, motar nan ce abincinmu. Baba yakan ɗauko gishiri daga bakin teku, 'yan kasuwa su saya su kai wa makiyayan Dinder da Damazin. Idan ruwan sama ya taɓa buhu a hanya, sai gishirin ya narke ya gangaro kan shasi, wato ƙarfen ƙarƙashin mota, ya shige cikin baƙar lakar Jazira da ta manne a wurin, ya zauna yana cin ƙarfe a ɓoye. Saboda haka Baba ya kafa doka: bayan kowace tafiyar gishiri, mota za ta huta wuni guda a yi mata aiki. Aikin kuma da tsarinsa. "Laka, ruwa, rana, sannan mai," haka yake cewa. A kankare laka, a wanke, a bar rana ta busar, sannan a shafa baƙin man da aka juye daga inji.

Ƙanen Baba, Baffa Isiyaku, yana da irin motar, tare suka saye su. Shi bai yarda da wannan doka ba. Yakan ce tsatsa ciwon mutanen bakin teku ne, mu ƙasarmu rana ce. Idan ya ga dama sai ya watsa baƙin mai a kan lakar yadda take, mota ta yi ƙyalli, ya kama hanya.

Da la'asar ya shigo ɗakin Baba, ina kan tabarma ina tsince wake. Ya ce an samu lodin riɗi gobe da sassafe, a bar Hamad ya ɗauka. "Yaya, kalas, shi ke nan, a watsa mata mai kawai. Wa za shi shiga ƙarƙashinta? Hamad ya ce shi tuƙi ya zo yi, ba wanki ba." Baba ya juya fuska ga bango.

Na ajiye faifai na ce, "Baffa, ni zan shiga."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ke? Ya bitti, ɗiyata, mi kika sani ga ƙarfe? Gama da wakenki tukuna."

Inna ce ta amsa daga bakin murhu, tana ɗaure makullin a haɓar mayafinta. "Ka bar ta, Isiyaku. Riɗi ba shi ƙarewa a duniya."

Ranar Alhamis ban je makaranta ba. Bayan sallar asuba na sa tsohuwar jallabiyar Baba, na ɗaure kai, na shimfiɗa buhu na kwanta a ƙarƙashin mota. Da guntun lauje na fara, daga gaba zuwa baya, inda lauje bai shiga ba na sa tsohon cokali. Laka tana zubo mini a fuska, gishiri yana shiga tsagar hannuna yana yi mini zugi. Daga nan sai ruwa. Baba bai taɓa shigar da mota cikin tur'a ba kamar sauran direbobi, domin ruwan mutane ne, kuma gonaki yake tafiya. Ƙannena biyu suka yi ta jigilar jarkoki a kan jaki, ni ina watsawa ina gogewa da tsumma. Da aka tashi makaranta ƙawayena suka zo suka zauna a inuwa suna carafke, suna kirana makanikiya. Ban kula su ba.

Wajen azahar na shiga na gaya wa Baba na gama wanki. Bai yaba ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Kin lasa?" Na san nufinsa. Shi ba ya yarda da ido, sai ya goga yatsa a kan shasi ya kai baki, in ya ji gishiri a sake. Na koma na goga, na lasa. Da saura a bayan tayar hagu. Na sake aika yara ruwa suna ƙunƙuni, na sake wankewa, har ƙarfe ya koma ɗanɗanon ƙarfe kawai. Sannan na bar ta ga rana. Sai da inuwa ta miƙe na tsoma tsumma a mai na bi kowane lungu. Baffa ya wuce da lodin riɗin a motarsa, yana danna mini hon. Ranar Asabar kuma, da aka koma makaranta bayan hutun Juma'a, malam ya ba ni bulalata ta fashin makaranta, na karɓa. Haka na ci gaba da yi bayan kowace tafiya har Baba ya miƙe.

Ana tambayata ko wannan wahala ta biya. Ga abin da na gani, a jere. Baffa ya riga mu gina ɗakin jan bulo, domin motarsa ba ta hutawa. Bayan wasu shekaru shasinta ya karye da kaya a hanyar Dinder. Da aka ɓamɓare baƙar lakar, ƙarfen ya riƙa ɓarewa kamar busasshiyar kisra, siririyar wainar dawar nan tamu, ashe man da yake watsawa rufe gishirin yake yi a ciki. Ya sayar da ita ga masu gwangwan ya sayi wata, kuma har Allah ya karɓi ransa yana cewa shi ne ya ci riba. Tamu ba ta sa mun yi arziki ba. Amma ita ta kai kayana gidan miji, kuma ita ƙanena yake kwasar dawa da ita har bayan rasuwar Baba.

Yanzu ɗana ne yake da ƙaramar motar ɗaukar kaya, shi ma yakan je bakin teku. Wurin wanki yake kai ta, a fesa ruwa a fesa mai kafin ya gama shan shayi. Hausarsa ma rabi Larabci ce, yakan ce mini, "Tamam, ya Hajja, an wanke." Gwiwata ba ta durƙuso kamar da, dalbejiyar nan kuma an sare ta, babu mai kwance a ɗaki yana jiran in zo in ba shi labari. Duk da haka nakan dafa ƙofar motar in sunkuya, in goga yatsa a ƙarƙashi in kai baki. Sau da yawa gishirin yana nan.