Katunan Japananci a Hanyar Abuja

Ana sallame sallar asuba muka fito daga Tudun Wadan Zariya, ni da maiɗakina, muka nufi Abuja. Tafiyar tata ce, ni ɗan rakiya ne mai riƙon jaka. A ma'aikatar gona inda take aiki aka zaɓe ta zuwa kwas a Japan kan irin shinkafa, amma da sharaɗi: sai ta ci wata 'yar jarrabawar Japananci ta masu farawa. In ta faɗi, gurbin zai koma ga wata abokiyar aikinta da aka ajiye a matsayin ta biyu. Maiɗakina ta daɗe tana jiran irin wannan dama, har ta fara cire rai.

Keke ya kai mu Kwangila. Kuɗin mota ya ƙaru a kan na watan jiya, ɗan kamasho ya ce mai ne. Ko man ya sauka, amsarsa ke nan. Muka samu kujerar tsakiya, ita a bakin taga, ta ɗora katunanta a cinya.

Bari in yi bayanin katunan nan. Tun da aka sanar da ita, ta bi kwalayen sukari da na shayi da almakashi. Gaban kowane kati harafi ne ko kalma, bayansa ma'ana. Ta jera su bisa tsarin darussa ta ɗaure da roba. Kullum da safe sai ta ɗauko daga na farko ta zarce har na ƙarshe, da irin muryar da muka yi hadda da ita a Islamiyya, sannan ta yi ƙarin darasi, wata rana ma biyu. Har ni na iya "a, i, u, e, o, ka, ki, ku, ke, ko", yaran gidan kuwa da shi suke tsallen igiya. Darasi uku suka rage mata, ta ce a mota za ta cinye su.

Zariya zuwa Kaduna hanya sumul, masara kore shar dama da hagu. A Mararrabar Jos tireloli sun ci rabin titi kamar kullum. Sai da muka fita Kaduna aka fara aikin da ba ya ƙarewa, aka mai da mu hannu ɗaya. Kusa da Kateri direba ya afka wani rami daidai lokacin da ta kwance robar. Katuna suka watse har ƙarƙashin ƙafafun na baya.

Fasinjoji suka taya mu tsinta. Wata 'yar kasuwa Ibo da ke sayar da kayan kicin a Sabon Gari, wadda Hausarta ta fi ta wasu 'yan bokonmu, ta ɗaga guda ta ce, "Hajiya, wannan mai kama da ƙugiya, me yake cewa?"

Maiɗakina ta dubi katin. Na ga leɓenta yana motsi, na gane daga farkon jerin ta ɗauko don ta iso gare shi. Ta iso, amma bayan matar ta gaji da ɗaga hannu. Aka miƙo na biyu, kalma ce daga darussan farko. Ta ƙura masa ido, ta ce, "Na san shi fa. Bayan 'makaranta' yake zuwa." Ta san maƙwabcinsa, ta san mazauninsa a layi, shi kansa ne ba ta sani ba.

A Tafa aka tsaya cin abinci. Shinkafa da wake ce da mai da yaji, kwanon ya ƙanƙance, kuɗin ya girma. Ni na ci nawa. Ita ta juya cokali kawai, sannan ta ce ko a musabaƙa alƙali ba ya fara maka daga kan sura, tsakiya yake jefa ka. Da muka koma mota ta tura darussa ukun nan cikin jaka, ta miƙo mini sauran ta ce, "Malam, gauraya su kamar na 'yan karta."

Ban taɓa karta ba, amma na yi iya yina. In ta ci kati in sa shi a aljihun dama, in ta faɗi in sa a na hagu, bayan ɗan lokaci in sake fito da na hagun. Kafin mu hango Dutsen Zuma aljihun hagu ya kumbura, na dama kuwa kamar na ma'aikaci a ƙarshen wata. Duk da haka wasu katunan sun fara ƙaura zuwa dama, musamman waɗanda suka dawo mata sau uku.

Mun sauka a gidan wani ɗan'uwa a bayan gari. Abuja dai tana nan yadda take, tituna masu faɗi, ba mai gaida wani. Washegari ta shiga jarrabawar, ni kuma na zauna a gindin bishiya tare da sauran 'yan rakiya har ta fito. Kalma biyu ta ce: "Sun gauraya." Da la'asar aka kira ta aka shaida mata makinta bai kai ba, kuma za a gayyaci ta biyun nan ta rubuta tata ba da daɗewa ba. Na ji zafin abin, don na ga wahalar da ta sha.

Muka kamo hanyar gida. Ina kallon hanya ina tunanin abin da tafiyar ta nuna mini. Mai fara koyon harshen nan, sabon darasi kaɗan ya ishe shi a rana, tishi shi ne babban aikin. Tishin ma ba a jere ba, kuma gara wani ya riƙa tambayarka, don mutum in shi ke tambayar kansa ba ya wahalar da kansa. Sauri ya haifi nawa, amma ban faɗa mata haka ba, ba ranar karin magana ba ce.

Da muka sauka a Zariya muka tari keke, na ce Tudun Wada. Ta ce a'a, a fara biyawa ta Tudun Jukun. Can abokiyar aikin nata take. Na zauna a keken ina kallo ta buga ƙofa, matar ta fito tana sunkuyar da kai, da alama labari ya riga mu isowa. Maiɗakina ta ciro katunan duka, har da darussa ukun da ba ta buɗe ba, ta zuba mata a tafin hannu. Daga inda nake na ji ta.

"Kada ki jera su, 'yar'uwa. Ki ba yaranki su riƙa zaro miki. Allah Ya sa ke ki je."

Ta dawo ta zauna kusa da ni, ta ja mayafi ta goge ido, ta ce wa mai keke mu tafi, yara na jira.