Furar da Na Ƙi Sha a Zauren Kawu

Mu uku ne a wannan magana: mahaifiyata, wadda muke kira Inna, wanta, Kawu, wanda ya riƙe gidanmu a Filinge tun rasuwar mahaifinmu, sai ni, autanta, wanda gwamnatin soja ta tura karatun aikin gona a Faransa.

Ranar da na dawo, na bar Faris a jirgin sama da hantsi, na yi sallar la'asar a Yamai. Washegari motar kasuwa ta sauke ni a gida kafin azahar.

Kawu ya tare ni a zaure, bai bari na wuce ciki ba. Aka shimfiɗa tabarma, matarsa ta durƙusa ta ajiye mini ƙwaryar fura. Ni Bakurfaye ne, na san al'adarmu: ba a faɗa wa matafiyi mutuwa sai ya sha ruwa, ya ci, ya huta. Na kuma san Inna ba ta taɓa barin wata mace ta dama mini fura ba.

Na ce, "Kawu, ina Inna?"

Ya ce, "Sha tukuna, malamin jirgi. Ko Nasara sun hana ka hura?"

Na ce ba zan taɓa ludayin ba sai ita ta miƙo mini. Dattawan da suka taru suka yi ta cewa in ji kunya. Na ture ƙwaryar gefe, na harɗe hannuwa.

Daga ƙarshe Kawu ya sunkuyar da kai, ya faɗa mini. Inna ta kwanta tun farkon damina, ta yi wata uku tana jinya, aka binne ta bayan girbin gero.

Na tambaye shi dalilin da ya sa bai buga mini tangaraho ba, alhali gidan waya yana bayan kasuwa.

"Ɗana, mi za mu ce maka? Kakanka da ya tahi Makka da ƙahwa, shekara bakwai ya yi. Kai ko an ce har teku ka ƙetare. Munka ce ko an kira ka ba ka iske ta, sai dai mu ɓata maka karatunka na lakkol."

Da tafiyar kakana suka auna nisan. Babu wanda ya tambayi yadda tafiyar take a yanzu.

Na miƙe tsaye a gaban manya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Kawu, tsakanin Faris da Yamai bai kai awa shida ba. Mai jaki da ya tashi daga nan da asuba, kafin ya isa garin Bankuku na sauka. Mutuwa ta Allah ce, na yarda. Shirun nan kuwa naku ne, kada a jingina wa Allah."

Suka ce in yi haƙuri. Na ce a nuna mini kabarin, haƙuri ya biyo baya. Ban sha furar ba.

Abin da na rasa uku ne: wata uku na jinyarta, sallar gawarta, da ita.