Haƙoran Malam

Ina tsintar shinkafa a tsakar gida ƙanen mijina ya yi sallama. Da hantsi ne, lokacin da ya kamata a ce yana kasuwa. Bai tsokane ni yadda ya saba ba, bai tambayi abin da ke kan wuta ba. Ya tsaya nesa kaɗan, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Yaya, sai haƙuri. Malam ya faɗi a shago. Kafin mu isa da shi likita, Allah ya yi ikonsa."

Na yi salati. Na ajiye faifan a hankali don kada shinkafar ta zube. Iyakar abin da na iya yi ke nan.

Hawan jini ne, haka aka ce mana. Amma tun da na fita takaba, in na zauna ina tunaninsa, bakinsa ne ke fara zo mini.

Daga Damagaram muka zo muka zauna unguwar Boukoki, yana sayar da atamfa a kasuwar Maourey. Mutum ne mai son jama'a. Kullum da yamma ana shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, abokansa su taru, a fitar da tuwo cikin kwano ɗaya, a bi da shayi mai sukari da goro. Daga madafa nake jin dariyarsa. Yana da wushirya, kuma ya san ta yi masa kyau.

Asuwaki ba ya rabuwa da aljihunsa, kafin kowace salla sai ya yi. Shi ya sa bai taɓa yarda akwai abin da zai sami bakinsa ba. Da ya fara ganin jini a jikin asuwakin, sai ya ce mugun jini ne ke fita. Da turmin haƙorinsa na hagu ya fara ciwo, ya danna kanumfari. Da ciwon ya ƙi, aka kai shi wurin wani mai cire tsutsar haƙori a bayan kasuwa. Mutumin ya zuba irin wani tsiro a kan garwashi, ya sa Malam ya buɗe baki hayaƙin ya shiga, sannan ya nuna masa wasu ƴan fararen abubuwa a cikin kwanon ruwa.

Ya dawo gida da murna. "Hajiya, da idona na gan su. Ashe su ke cina."

Ciwon ya lafa, ya dawo. Ya koma wurin mai hayaƙi, ya sake komawa. A hankali dasashinsa ya ja baya, haƙoran suka fara girgiɗa. Na ciki suka fara tafiya, daga baya na gaba suka bi.

Yana da wani aboki Bazabarme mai lambu a Tondibia. Wata rana ya kawo gasasshiyar masara aka raba a ƙofa. Ya ga Malam yana juya tasa a hannu, sai ya ce, "Alhaji, injin ya lalace ne? Kawo a kai maka wurin mai niƙa." Kowa ya yi dariya. Wasa ne irin wanda suka daɗe suna yi wa juna. Na leƙa ta zaure na ga Malam ma yana dariya, amma hannunsa na rufe da bakinsa.

Washegari ya ce in zuba masa nasa a ɗaki. Tun daga nan kwano ya ci gaba da fita ƙofa ba tare da mai gidan ba. Yakan fita a gaisa, ya dawo kafin a wanke hannu. Ina jin hirarsu a waje, shi yana ciki da fura da tuwo mai laushi.

"Malam, mutanenka na jiranka."

"Su ci, Hajiya. Na ƙoshi."

Na yi ta maganar likitan haƙori, ya ƙi. Sai nawa haƙorin ya fara tsami in na sha ruwan sanyi, na ce ya raka ni. Likitar ta gama duba ni, ta juya wajensa ta ce, "Baba, tun da ka zo, hau kujerar mana." Kunyarta ce ta sa ya hau.

Ta ce babu tsutsa. Datti ne ke taruwa a gindin haƙori ya daskare kamar dutse, ya ci dasashi. Ta ce asuwaki abu ne mai kyau, amma in dattin ya riga ya daskare sai an kankare shi, kuma zaƙin shayin da ke kwana a baki yana tasa ɓarnar. Mu riƙa goge baki da magogi da man haƙori safe da kafin barci, mu zo a duba mu ko ba ma jin ciwo.

"To waɗanda na gani cikin ruwa fa, ƴata?"

"Daga cikin irin da aka ƙona suke fitowa, Baba."

Muka shiga taksi muka kama hanyar gida. Can ya girgiza kai ya ce, "Kai, mutumin nan ya sha da ni."

Aikin ya ɗauki watanni. Aka kankare na kankarewa, aka cire waɗanda suka mutu, aka jira dasashi ya warke, sannan aka ɗauki awon bakinsa don a yi masa na roba. A watannin nan tare muke tsugunawa bakin rariya da safe, kowa da magoginsa da butarsa. Yakan ce da kumfa a baki, "Tsofai-tsofai da mu, yarinya na koya mana wanke baki." Har yau nan nake tsugunawa, kuma ina zuwa a duba ni in lokaci ya yi. Safiyar ce ta fi yi mini wuya.

Ranar da ya karɓo haƙoran, a ɗaki ya sa su, ya ce in rufe ƙofa. Ya daɗe gaban madubi. Ya juyo ya yi mini murmushi ba tare da ya ɗaga hannu ba, ya ce, "Sun manta da wushiryata." Na ce ko haka ma ya yi kyau. Na kawo masa ɗan nama ya gwada, sai ya ji suna matsa shi ta gefen hagu. Ya cire su. Ya ce ba zai fita da su gaban mutane ba sai sun zauna daidai, kada a tsakiyar ci ya koma ciro haƙori daga baki.

Likitar ta ba shi rana ya koma a rage wurin da ke matsa shi. Bai kai ranar ba, kuma bai koma cin abinci a ƙofar gida ba.