Lambar Gefen Hagu

Ya gani ne ya yi shiru, ko kuwa idon nasa ne bai kai ba? Tun da Malam ya rasu nake juya wannan tambaya a raina, kuma mai ba ni amsa yana ƙarƙashin ƙasa.

Malam mijina ne. Aikin jirgin ƙasa ya yi tun yana saurayi, yana zuba wa kan jirgi mai, yana goge shi. A tashar Tsafe ya fara ganina, na kawo tallar dafaffiyar gyaɗa. Daga baya aka dawo da shi Gusau, muka zauna. Jirgi ya daina zuwa, ciyawa ta rufe dogo, shi kuma ya tsufa a zaure. Da ciwon ido ya kama shi, likita ya ce ba na aiki ba ne, ganin zai yi ta raguwa har ya ƙare. Ranar bai ci tuwo ba. Da safe ya ce zai ƙera kan jirgin da ya yi wa hidima, tun yana iya ganin hannunsa.

Da gwangwanin madara ya yi tukunyar jirgin, da murafun kwalba ya yi ƙafafu. Bututun hayaƙin kuwa bakin tsohuwar fitilata ce, bai ko tambaye ni ba. Tsawonsa duka bai wuce kamu ɗaya ba. Da ya haɗu, sai maganar fenti.

"Baƙi za a shafa," in ji shi. "Baƙi wuluk, haka yake."

Na shafa baƙin a wani guntun gwangwani, na ajiye masa a tabarma. Ya yi ta lalube.

"Ina kika kai shi?"

"Ga shi nan gabanka, Malam."

Ya janye hannunsa. Ni kuma na juya baya, don kada ya ji muryata ta canza. Can na ce a yi masa kore, irin na ganyen rama.

"Ke tsohuwa, kan jirgi ne ko kwanon jere?"

"To baƙin da ba ka gani, wa za ka yi wa?"

Muka yi ta ja har la'asar. A ƙarshe jiki ya zama kore, bututu baƙi don kada a ce na ci shi duka, gaba ja, da layin rawaya siriri daga kai har gindi. Shi yake riƙewa, ni nake shafawa da gashin kaza. In na wuce layi da ja, yana gani, ya ce, "Kin ɓarar da miya." Ina murna da wannan faɗa, don ya nuna idon yana nan.

Saura lamba. Ya ce kan jirgi marar lamba abin wasan yara ne, nasa kuwa yana da ita a gefe biyu, fara tas. Ya ɗauki tsinke, bai ma ga inda zai ɗora ba. Ya miƙo mini. Ni da ban taɓa riƙe alƙalami ba, sai dai lalle, wanda na yi wa amaren unguwarmu shekara da shekaru.

Ya zana mini su manya-manya a ƙasa da yatsa. "Wannan lauje ne. Wannan ƙwai biyu, ɗaya bisa ɗaya. Wannan sanda." Na kwaikwaya a gefen dama, ina riƙe numfashi. Ya kai shi dab da hancinsa, ya ce, "Shi ne. Wallahi shi ne." Hawaye suka sauko masa cikin gemu.

Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi. Na ji tsoron kada ya tashi ganin ya tafi, aiki bai ƙare ba, sai na yi gefen hagu ni kaɗai. Na yi shi yadda ake lalle: abin da ke ƙafar dama, ta hagu takan mayar masa, su fuskanci juna. Laujen dama yana kallon gaba, na sa na hagu ma ya kalli gaba. A ganina ya yi kyau ƙwarai.

Na kai masa har shimfiɗa. Ya juya shi wajen haske, ya daɗe yana dubawa, ya bi lambar da babban yatsa. Ya ɗan murmusa, ya ce, "Sannu da aiki, injiniya." Bai ƙara komai ba.

Sai bayan sadakar bakwai babban ɗanmu ya ɗauki jirgin ya duba. "Inna, wannan lambar ai a juye take. Ba a karanta ta haka." Ya ce zai goge ya gyara mini. Na karɓe abina. Na yi kuka ranar fiye da na ranar jana'iza. In Malam ya gani ya ƙyale ni, to, ya rufa mini asiri har ƙarshe. In bai gani ba, ke nan na makara, ya yi murmushi ne ga abin da ya riga ya ɓace masa. Ban san wanne ne ba.

Ba a hannuna ya cika ba. Da zazzaɓin ya ɗan sauka, ya matsa sai an kai shi Bungudu ya gaida ƙanensa, shi ma ba lafiya. Gwiwata ta hana ni bin su, na ce zan biyo in ta yi sauƙi. A can ajali ya sami Malam.

Safiyar tafiyar na rako shi ƙofar gida, ɗanmu yana riƙe da hannunsa. Har ya sa ƙafa ɗaya cikin mota, sai ya waiwayo wajen da yake jin muryata.

"Ki ɗauke shi daga bakin taga," ya ce. "Rana na cin fenti."