Ranar da na shafa wa babur turare

Shekara biyu ina roƙon Baba ya bar ni in hau babur ɗinsa, amsarsa kullum ɗaya: "Wanda bai iya kula da cen ba, ba ya riƙe makulli." Baba mai turare ne a Kasuwar Kurmi, kuma babur ɗin nan ya fi ji da shi fiye da mu 'ya'yansa, wallahi.

Wata Juma'a da safe zai fita gaisuwa a ƙafa, sai ya waiwayo ya ce, "Cen ɗin nan yana kuka. Ka wanke shi ka sa masa mai. In na dawo na ga aiki, ka hau."

Kai! Ko koko ban tsaya sha ba. Na kafe babur a soro, na wanke cen, wato sarƙar babur ɗin, da kalanzir da tsohon buroshi, ina juya taya ina waƙa. Baƙin mai kuwa a gorar ruwa Baba yake ajiye shi a bayan ƙofa. Na tarar da gora biyu, duk baƙi, duk kauri. Ga mura ta toshe mini hanci. Na ɗauki wadda ta fi cika na tuttula, ban yi rowa ba ko kaɗan.

Umma ce ta fara leƙowa daga tsakar gida. "Wace amarya ce ta shigo mana?" Sai ga maƙwabcinmu tela ya bar kekensa ya taho yana buɗa hanci. Ni ko sai washe baki nake, na ɗauka ƙyallin cen ake yabawa.

Baba ya yi sallama, ya tsaya cak. Ya tsuguna, ya dangwali cen da yatsa ya shinshina. Ashe madarar turare ce da ya haɗa da hannunsa, ya ɓoye ta a duhu ta tsumu. Na ce shi ke nan, ni da babur sai dai kallo.

Ya daɗe a tsugune. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har hula ta faɗi.

"Ja'iri! Ta tsumu kuwa." Ya miƙo mini makulli. "Hau. Daga nan Sheshe har Ƙofar Na'isa, a hankali, ban da gudu. Duk wanda ya tsayar da kai, ka yi masa kwatancen rumfata."